Na Saya, Na Gaji, Na Tafi: Sharhi a kan Rabon Aikatau na Hausa ta Fuskar Aukuwa

Duk ɗalibin da ya zauna ajin nahawun Hausa ya haddace jadawalin lokuta: shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya da na biyu, lokaci mai ci na ɗaya da na biyu, lokaci mai zuwa na ɗaya da na biyu, da lokaci sabau. A cikin wannan jadawali, "na, ka, kin, ya, ta, mun, kun, sun, an" su ne lamiran shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya, kuma bayanin da aka saba yi musu shi ne suna nuna aikin da aka riga aka yi, ya wuce. Wannan maƙala za ta ɗora bayanin nan a kan sikelin maganar yau da kullum, sannan ta duba maganin da masana kimiyyar harshe suka kawo, wato raba aikatau bisa yadda abin da suke nufi yake aukuwa cikin lokaci, don a ga inda maganin ya karɓi Hausa da inda ya ƙi.

Kasuwar Maigatari, a ƙasar Gumel, tana ci ran Alhamis a bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, kuma tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na arewa. Wanda ya taɓa tsayawa a kararta ba zai rasa jin irin waɗannan jumloli ba:

(1) Shanun sun iso tun jiya.
(2) Na san mai raƙumin nan.
(3) Bijimin nan ya fi wancan tsada.
(4) Na gaji.
(5) Na saya.
(6) To, ni na tafi.
(7) Kafin la'asar mun gama lodi.

Lamirin lokaci iri ɗaya ne a duka bakwai ɗin, amma jumla ta (1) kaɗai ce take maganar abin da ya shuɗe. Dillalin da ya faɗi (2) yanzu ya san mutumin. Tsadar da ke cikin (3) ta yau ce, ita ake ja-in-ja a kanta. Mai gajiyar (4) yana cikin gajiyarsa. Mai faɗin (5) bai saya ba sai da ya faɗa. Mai faɗin (6) yana tsaye bai ɗaga ƙafa ba, kuma (7) da hantsi ake faɗinta, alhali motar ba ta ko kai rabi ba. Idan aka ba ɗalibi "na gaji" a jarrabawa aka ce ya faɗi lokacinta, ya rubuta "yanzu", kunnensa ne ya gaya masa gaskiya, amma takardar amsoshi za ta kayar da shi. Nan matsalar take, kuma ba ƙarama ba ce ga wanda sana'arsa koyarwa ce ko fassara.

Ba a rasa sanin inda aka gaji wannan tsari ba. Malaman zaure sun daɗe suna karanta Ajurrumiyya, inda aka kasa fi'ili gida uku, mali da mudari'i da amri, su kuwa Turawan da suka fara rubuta nahawun Hausa da ma'aunin harsunansu suka zo. Da aka tashi ƙirƙiro kalmomin nahawu da Hausa, sai kalmar "lokaci" ta ɗauki nauyin abubuwa biyu mabambanta: matsayin aiki daga lokacin da ake magana, wato jiya ko yau ko gobe, da kuma fuskar da mai magana ya dubi aikin, ko ya ɗauke shi kammalalle ko yana tsakiyar gudana. Bernard Comrie ya fayyace wannan bambanci a littafinsa na 1976, kuma manyan littattafan nahawun Hausa na Paul Newman (2000) da Philip Jaggar (2001) duk sun nuna cewa lamiran nan sun fi karkata ga fuska, ba ga lokaci ba. Sai dai wannan ilmi ya maƙale a Turanci, bai sauko aji ba. Ko da kuwa ya sauko, rabin amsa ne, domin bai bayyana dalilin da ya sa "ya" ɗaya take ba da jiya tare da "iso", ta ba da yau tare da "fi" ba. Sauran amsar tana cikin ɗabi'ar shi aikatau ɗin.

Tunanin cewa ayyuka sun bambanta a ɗabi'arsu tsoho ne. Aristo ya riga ya raba tsakanin aikin da ke tafiya zuwa wata tuƙewa, kamar gina gida, da aikin da ya cika a kowane ɗan lokaci nasa, kamar gani. Amma rabon da ya shahara a hannun masana harshe na Zeno Vendler ne, wani masanin falsafa haifaffen Hangari da ya koyar a Amurka, a maƙalarsa ta 1957. Ya kasa aikatau gida huɗu. Akwai masu zama, waɗanda ba motsi ko sauyi a cikinsu, kamar sani da mallaka. Akwai masu gudana, waɗanda ke ɗaukar lokaci amma ba su da wata iyaka ta kansu, kamar kiwo da yawo: duk inda makiyayi ya tsaya, ya yi kiwo. Akwai masu tuƙewa, waɗanda ke ɗaukar lokaci kuma suna da ƙarshen da sai an kai shi aikin zai amsa sunansa, kamar cika buhu da riɗi. Sannan akwai 'yan farat-ɗaya, waɗanda sauyi ne da ke aukuwa nan take, kamar isowa da faɗuwa da tsinkewa. David Dowty ya tattara gwaje-gwajen tantance su a 1979, Carlota Smith kuma ta ƙara gida na biyar a 1991, wato 'yan ƙifta, irin su tari da atishawa, waɗanda ke aukuwa nan take amma ba su bar wani sauyi a bayansu ba. Mahamane Abdoulaye na Jamhuriyar Nijar ya ɗora aikatau na Hausa a kan irin wannan ma'auni a kundin digirinsa na uku da ya gabatar a Buffalo a 1992.

To, rabon yana da amfani, kuma nan take yake warware (1) zuwa (4). Amma akwai haɗari ga mai nazarin da zai kwaso shi ɗungurungum da gwaje-gwajensa. Babban gwajin Vendler na Ingilishi ne: aikatau mai zama ba ya shiga siga mai ci. A ɗauki "sani" da "so", waɗanda duk masu zama ne a jerinsa. Bahaushe yana cewa "na san shi" idan yana nufin yanzu, ba ya cewa "ina saninsa" da wannan ma'ana. Har nan gwaji ya yi daidai. Amma da aka zo kan "so" sai al'amari ya juye: mai saye yana cewa "ina son saniyar nan", wannan ita ce maganar yanzu, idan kuwa ya ce "na so in saye ta", to ya nuna ke nan abin bai yiwu ba, son ya zama labari. Haka "ji" take raba ƙafa: "na ji" yana nufin na fahimta yanzu, amma "yana jin Barbarci" da "ina jin ƙishirwa" a siga mai ci suke, ga su kuwa babu motsi a cikinsu ko kaɗan. "Ya iya ciniki" gwaninta ce da yake da ita, "yana iya zuwa" kuwa yiwuwa ce. Wanda ya dogara ga gwajin Ingilishi zai fitar da "so" daga gidan masu zama, ya kai ta gidan kiwo da yawo, abin da hankali ba zai ɗauka ba.

Abin da ya fi kusa da gaskiyar Hausa shi ne, yawancin aikatau da ake kira masu zama ba zama tsantsa suke nufi ba. Shiga wani hali suke nufi, halin kuma ya ɗore. "Gaji, ƙoshi, tsufa, rame, bushe, nuna, cika, saba" duk haka suke. "Raƙumin ya rame" na nufin ya shiga rama, ga shi nan a cikinta. Kammalalliyar siga tana nuna an ƙetare bakin ƙofa, abin da ke bayan ƙofar kuwa shi ne halin da ake ciki yanzu. Shi ya sa idan aka sa su a siga mai ci ba sa lalacewa, sai dai ma'ana ta koma kan hanyar zuwa ƙofar, kamar "raƙumin yana ramewa", ko ta koma al'ada, kamar "yana gajiya da wuri". Ita kanta "sani" tana karɓar wannan fassara: baƙon da ya kwana biyu a Gumel ana iya cewa yana sanin gari a hankali. William Welmers ya lura da makamancin wannan a harsunan Afirka ta Yamma da dama a littafinsa na 1973, inda siga ɗaya ke ba da jiya ga aikatau na motsi, ta ba da yau ga na hali. Gida huɗun Vendler ba su tanadi ɗaki ga wannan rukuni ba, alhali a Hausa rukuni ne babba, wataƙila ma shi ya kamata a fara koya wa ɗalibi.

Wata shaidar kuma ita ce Hausa ta ware wa zama tsantsa wata siga ta daban, wadda ke ƙarewa da gajeren wasalin "e", da karin sauti ƙasa-sama: zaune, tsaye, kwance, riƙe, ɗaure, rufe, sane. Saboda haka saiwa ɗaya takan ba da fuska uku. "Ya zauna" shiga hali ne, "yana zama" hanya ce ko al'ada, "yana zaune" shi ne halin kansa. Mutanen Maigatari sun ga wannan a aikace: a watan Agusta na 2019 gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, kuma iyakar Maigatari tana cikin huɗun farko da aka buɗe a watan Disamba na 2020. "An rufe iyaka" labarin rana ɗaya ne. "Iyaka tana rufe" labarin wata goma sha shida ne. Ba lamirin lokaci kaɗai ya raba su ba, har da sigar kalmar.

Idan gwajin Ingilishi bai wadatar ba, Hausa tana da nata, kuma mafi kaifinsu yana cikin jumlar da kowane mai ba da labari yake amfani da ita ba tare da ya lura ba:

(8) Yana kiwo sai hadari ya taso.
(9) Yana isowa sai hadari ya taso.

Ginin jumlolin ɗaya ne. A (8) hadarin ya same shi a tsakiyar kiwo. A (9) kuwa babu tsakiyar da za a same shi a ciki, domin isowa ba ta da faɗi, sai ma'ana ta koma "da isowarsa". Duk aikatau da ya ba da ma'anar "da zarar" a wannan gurbi ɗan farat-ɗaya ne: yana faɗuwa, yana fita, igiyar tana tsinkewa. Wanda ya ba da ma'anar "a tsakiyar" kuwa mai ɗaukar lokaci ne. Gwaji na biyu na "cikin" ne: "ya cika buhun cikin minti goma" daidai ne, amma "ya yi kiwo cikin awa uku" tana neman gyara, sai dai a ce "ya yi awa uku yana kiwo". Na uku na "gama" ne. Ana gama auna riɗi, ana gama ɗinke buhu, amma ba a cewa mutum ɗaya ya gama isowa. Sai dai a yi hattara, domin ana jin "na gama gajiya" a bakin mutane, kuma a nan "gama" ba ƙarshen aiki take nunawa ba, matuƙar hali take nufi.

Gwajin "gama" yana tono wani abu da ya raunana tsarin Vendler tun daga tushe. Ba a cewa "Buzun ya gama isowa", amma "shanun sun gama isowa" magana ce lafiyayya, domin garke yana isowa ne kai bayan kai. Haka "saniyar tana mutuwa" da "shanu suna mutuwa" ba abu ɗaya suke faɗi ba: ta farko gargara ce, ta biyu annoba. Haka nan "ya auna riɗi" ba ta da iyaka, "ya auna tiya goma" tana da ita. Ashe ba aikatau kaɗai ke ɗauke da ɗabi'ar ba, aikau da karɓau suna da hannu. Henk Verkuyl ya kafa wannan hujja tun 1972 da misalan Ingilishi da Holanci, kuma Hausa ta gaskata shi. Hatta 'yan ƙifta ninki yana mayar da su masu gudana: "ya buga ƙofa" sau ɗaya ne ko kaɗan, "ya bubbuga" kuwa an ɗau lokaci. Don haka jerin da zai ce kalma kaza 'yar gida kaza ce har abada, jeri ne na yaudara.

A nan ne ya kamata a waiwayi rabon da ɗaliban Hausa suka fi sani, wato giredi bakwai na F. W. Parsons na Jami'ar Landan, wanda ya fito da shi a 1960, Newman kuma ya yi masa gyaran fuska a 1973. Parsons ya dogara ne ga wasalin ƙarshe da karin sauti da yadda kalma ke sauyawa gaban karɓau. Rabo ne na siffa, kuma a wannan fage har yau ba a ture shi ba. Abin takaici shi ne yadda ake koyar da shi kamar haddar jadawalin lissafi, saya, saye, sayar, sayo, sayu, ba tare da an tambayi abin da giredin ke yi wa aukuwar aiki ba. Ga misali:

(10) Ya sha furar amma bai shanye ba.
(11) An gyara motar amma ba ta gyaru ba.
(12) An dafa naman amma bai dahu ba.

Babu Bahaushen da zai ga tufka da warwara a cikin waɗannan. Amma "ya shanye furar, da saura a ƙwarya" magana ce mai cin karo da kanta. Ma'ana, kammalalliyar siga a Hausa tana tabbatar da an yi aikin an tsaya, ba lalle ta tabbatar da an kai ga tuƙewa ba. Masu nazarin Hindi da Sinanci sun ba da rahoton irin wannan a harsunansu. Wanda ke sa hatimin tuƙewa a Hausa sau da yawa giredi ne: na huɗu yana nuna an ƙare abin kakaf, kamar "Alhaji ya saye shanun", wato bai bar ko ɗaya a kara ba, na bakwai kuma yana nuna sakamako ya tabbata a jikin abin da aka yi wa aikin. Wannan ne ma dalilin da ya sa giredi na bakwai a siga mai ci yake komawa yiwuwa: "motar nan ba ta gyaruwa", "bijimin nan ba ya sayuwa a haka". Tun da sakamako ba shi da tsakiya, sai magana ta koma kan ko za a kai gare shi. Giredi na shida shi ma yakan kafa iyaka, domin "ya kora shanu" ba ta faɗi inda suka tsaya ba, "ya koro shanu" kuwa ta nufo da su wajen mai magana. Ba a ce kowane aikatau mai "e" yana nufin ƙarewa ba: "rufe, buɗe, ɗaure" haka aka same su, "fashe" da "karye" kuwa 'yan farat-ɗaya ne ƙi-karɓau. Amma dangantakar ta isa a ce rabon Parsons da na Vendler ba kishiyoyi ba ne, kowanne yana riƙe da abin da ɗayan ya rasa.

Saura (5), (6) da (7). Ta (7) mai sauƙi ce: mai magana ya tsaya da tunaninsa a la'asar ya waiwayo, ya ga lodi kammalalle, kamar yadda ake cewa "in ka zo gobe". Ta (6) niyya ce da aka ɗauka tamkar an zartar. Ta (5) ce mai nauyi, domin dukiya tana rataye da ita. A kara, mai saye yana tayawa, mai dabba ko dillalinsa yana cewa "albarka", ana ƙari, har a kai inda ɗaya zai ce "na sallama", ɗayan ya ce "na saya". Waɗannan kalmomi ba labarin ciniki suke bayarwa ba, su ne cinikin. Kafin a furta su bijimin na wani ne, bayan an furta su na wani ne dabam, la'adar dillali kuma ta tabbata. J. L. Austin ya yi bayanin irin wannan furuci a laccocinsa da aka buga a 1962, amma malaman fiƙihu sun riga shi da ƙarnoni. A babin ciniki na Muhtasar na Shehu Halil, wanda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, an bambanta wanda ya yi furucin saye ko sayarwa da sigar mali, wanda ciniki ya hau kansa idan ɗayan ya yarda, da wanda ya yi shi da sigar mudari'i, wanda ake ba damar ya rantse cewa bai nufi ƙulla ciniki ba. Hausar kasuwa ta bi wannan sawu sak. "Ina saye" da "zan saya" taye ne, ana iya janyewa. "Na saya" ɗauri ne. Abin lura shi ne Ingilishi da sigar yanzu yake irin wannan furuci, Hausa da Larabci kuwa da kammalalliya. Tafintan kotu da ya juya "na sayar" ta bakin kara zuwa shuɗaɗɗen lokacin Ingilishi ya mai da ƙulla ciniki ya zama ba da labarin wani ciniki da aka yi a baya, kuma shari'a tana iya juyawa a kan wannan.

Gyaran da ake bukata a aji bai kai a rushe jadawali ba. Ya isa a daina fassara sunan "shuɗaɗɗe" da "abin da ya wuce", a ce masa kammalalle, sannan a koya wa ɗalibi ya tambayi kowane aikatau abu biyu: me yake nufi bayan "ya", me kuma yake nufi bayan "yana". Aikin da ya fi wannan girma na masu ƙamus ne. Daga ƙamusun Bargery na 1934 zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, babu wata alama ta musamman da aka ware don nuna wa mai dubawa cewa "gaji" da "ƙoshi" da "isa" suna ba da halin yanzu a kammalalliyar siga, "so" kuwa sai a siga mai ci. Ɗan asali ba ya bukatar a gaya masa. Amma fataken kudu da ke sauka Maigatari daren Laraba, da duk mai koyon Hausa daga littafi, sukan ce "ina gajiya" suna nufin "na gaji", kuma littafin da suka koya daga ciki ne ya nuna musu cewa abin da ake ciki yanzu da "ina" ake faɗinsa.